Kwamfutar Baba a Ƙofar Ɗakin Auta

Asabar, da hantsi

'Yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Na naɗe tabarmin da muka aro na mayar wa maƙwabta, na share tsakar gida, na wanke kofunan da dama a wanke suke. Da na rasa abin da zan yi da hannuna sai na ɗauko biro.

Mu biyu Umma ta haifa, ni da Auta. Ya haura talatin, yana da gemu da gidan kansa, amma har gobe Auta ne. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti bayan hatsarin motar, nan gidan Umma aka kawo shi, don babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a kai shi can gidansa. Ya shiga ɗakinsa na samartaka, hannun hagu cikin filasta, goshi da ɗinki, ya tura ƙofa. Ni kuma na baro Baban yara da yaran, na zo da jaka ɗaya, na ce kwana biyu zan yi. Ga shi an doshi mako uku.

Na ajiye masa shayi da burodi a bakin ƙofa. Tururuwa ce ta ci.

Lahadi, da yamma

Bai ci ba. Ya dai sha ruwa, na ji ƙarar kofi.

Litinin, bayan na taso aiki

Na koma shagon tabarau. Mai shago ya ce in ƙara hutu, na ce a'a, zaman gidan ne ke cina. Na yini ina ɗaure kusoshin firam, ina goge gilashi. Sai wajen azahar wata mata ta shigo da 'yarta, 'yar mitsitsiya mai surutu, tana son firam ruwan hoda. Na ce wa abokiyar aikina ta karɓe ni. Na shiga bayi na buɗe famfo na bar shi yana zuba.

Da na dawo na tarar da surukin Auta a falo, wato baban Amarya, Allah ya jiƙanta. Shekara da shekaru da aurensu amma ba mu daina ce mata Amarya ba, ita ma ba ta daina amsawa ba. Tsohon ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na je na ƙwanƙwasa, na ce, "Auta, Baba ne ya zo." Bai buɗe ba. Tsohon ya miƙe yana dafa kujera ya ce, "Ku ƙyale shi, 'yata. Zan dawo."

Shi da ya kamata a je a ba haƙuri, shi ke zuwa.

Laraba, da la'asar

Na shiga sito neman tsohuwar fanka, don ɗakin Auta ba iska. Ban sami fankar ba. A bayan katifu na ci karo da kwamfutar Baba, lulluɓe da zanen gado, ita da monitarta mai ƙatuwar ƙeya.

Baba, Allah ya jiƙansa, shagon buga takardu yake da shi. Idan ya tashi aiki sai ya ce, "To, ku zo ku lalata min kaya." Ni da Auta mu matsu a kujera ɗaya, kibod ɗaya, ni ɓangaren hagu shi ɓangaren dama, muna gwara gwiwar hannu. Akwai wani gem na wasu 'yan mutane biyu masu tsalle suna tsinkar 'ya'yan itace, idan ɗaya ya faɗa rami ɗayan ba zai wuce ba sai ya jira shi. Kullum ni ke faɗawa. Kullum sai ya ce, "Yaya, ke dai rami masoyinki ne." A kan wannan kwamfutar ya koyi sana'ar da yake ci da ita yau.

Na rungumo ta na fito, ƙura har cikin hancina. Umma ta ce, "Me za ki yi da wannan gawar?" Sai ta kama bakinta. Muka tsaya muna kallon juna. Ta juya ta shiga kicin.

Na jona ta da wuta na danna. Ba motsi, sai wani ɗan ƙauri.

Alhamis, da yamma

Na shimfiɗa tabarma a barandar da ke gaban ɗakinsa. Na ce wa Umma nan ne soket yake. Akwai soket a falo ma.

Da 'yan sukundirebobin shago na buɗe murfin gefe, na zuba kusoshin a faranti. Abin da na gani a ciki ba ya faɗuwa. Ƙura ta zama kamar auduga, ga busasshen kyankyaso kwance a kan fanka, ga yana ta ko'ina. Na ɗaga murya na ce, "Ikon Allah. Baba bai taɓa shiga yanar gizo da ita ba, ashe gizon ne ya kawo yanar da kansa."

Da a da ne da Auta ya ce, "Yaya, wannan barkwancin ya fi kwamfutar tsufa."

Na share da tsohon burushin haƙori, ina surutu ni kaɗai kamar mai tallar da ba a saya.

Bai ci ba.

Juma'a, da yamma

Ya yi magana.

Akwai wasu 'yan siraran alluna kore a tsaye a ciki, ina so in cire in goge. Na kama ɗaya ina ja, ya ƙi. Na sa ƙarfi har akwatin yana ɗagawa daga ƙasa. Sai na ji daga bayan ƙofa, da wata murya busasshiya kamar ba tasa ba:

"Yaya, kada ki ja. Akwai ƙugiya fara a kowane gefe. Danna su."

Na danna, abin ya yi tsalle ya fito da kansa. Na ce, "Yauwa," kamar jiya ma mun yi hira. A kicin na ji cokali ya faɗi daga hannun Umma.

Bai ƙara ba. Amma ina ta maimaita kalmomin. Danna su. Danna su.

Asabar, da rana

Na ɗauki akwatin a tasi na kai layin masu tsofaffin kayan wuta. Aka nuna min wani dattijo can ƙarshen layi da ake ce wa Injiniya, zaune tsakanin kwalaye har rufi. Ya leƙa ciki ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ai ta girmi 'ya'yana. Aure za a yi mata?"

Na ce gem nake so ta buga, irin na da.

"Ai duk suna cikin waya yanzu. Kawo wayarki in zuba miki."

Na ce ita nake so. Ya dube ni ta saman tabaransa, wanda ƙafarsa ɗaya da zare aka ɗaure. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma bai sake zolayata ba. Ya gwada ya ce akwatin wutar ne ya ƙone, shi ne mai rarraba wuta ga sauran kayan. Ya tono wani daga ƙasan kwali, ya busa, ya haɗa min da ɗan batir kamar maɓallin riga, da ram guda biyu, wato irin koren allunan nan da na kusa karyawa, ya ce da su za ta ƙara sauri. Ya ce katin hoto sai ya nema. Ya ce bari ya ɗaura min duka yanzu, na ce a'a, a gida akwai mai yi.

Kafin in tafi na karɓi tabaransa na sa masa kusa.

Lahadi, da hantsi

Ya buɗe ƙofa. Ba duka ba, daidai faɗin kafaɗa. Ya zauna a ƙasa daga ciki, ya jingina da bango, ni ina waje.

Na yi ƙoƙari kada in zuba masa ido. Gemu ya cinye fuskar. Idanun sun faɗa. Rigar da ya dawo da ita daga asibiti ce har yanzu a jikinsa.

"Taɓa ƙarfen taga tukuna, kafin ki taɓa komai."

"Don me?"

"Wutar jikinki tana iya kashe ta."

"Ni har wata wuta ta rage min?"

Bai yi dariya ba, amma ya ce, "Taɓa dai."

Shi baki, ni hannu. Na kwance tsohon akwatin wutar, wayoyinsa kamar hanjin kaza, ja da baƙi da rawaya. Ya sa na riƙa ɗaukar hoto da waya kafin in zare kowace, don kada in manta mazauninta. Babban faifan da komai ke manne a jikinsa ya ce sunansa madabod, ita ce uwar. Na ce, shi ya sa kowa ya ɗora mata kaya.

Na tura masa faranti ba tare da na dube shi ba, na ci gaba da aiki. Ya ci rabi. Rabi!

Talata, da safe

Yau ne za a duba hannun. Baban yara ya ɗauki izini a wurin aiki ya zo kai shi. Auta ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya fito har tsakar gida, Umma tana ta sa masa albarka. Na buɗe ƙofar gida. Baban yara ya riga ya tayar da motar, ya buɗe masa gaba.

Ya tsaya. Na ga wuyansa yana motsi. Sai ya durƙusa a bakin kwata ya yi amai, duk ɗan abin da ya ci. Ya koma ciki yana bin bango. Na ji sakata.

Baban yara ya kashe motar ya daɗe a zaune bai fito ba.

Laraba

Bai ci ba.

Alhamis, da yamma

Bai ci ba. Bai buɗe ba. Maƙwabciyarmu nas ce, ta roƙe shi ya miƙo hannun ta ƙofa, ta ce yatsun sun ɗan kumbura, lallai a je. Likita ya ce a waya akwai wani likitan kuma da yake so Auta ya gani, ba na ƙashi ba. Na ce to. Ta yaya? A kai zan ɗauke shi?

Baban Amarya ya sake zuwa. Ya sha ruwa ya tafi.

Juma'a, bayan na taso aiki

Na biya gida ɗaukar kaya, muka yi sa-in-sa da Baban yara. Ba faɗa ba ne sosai. Ya ce shi ma Auta ɗan'uwansa ne, amma yara sun gaji da abincin saye, babban ya faɗi jarabawar lissafi, ni kuma ina can ina wasa da tsohon ƙarfe. Na ce ba wasa nake yi ba. Ya ce, "To me kike yi?" Na ɗauki kayana.

Zan fita sai ƙaramar ta riƙe min zane ta ce, "Mama, yaushe Tsuntsuwa za ta zo? Na ajiye mata rabin kayan kwalliyata."

Tsuntsuwa ita ce 'yar Auta. Mu muka sa mata haka saboda bakinta ba ya hutawa.

Na rubuta sunan. Ban yi niyya ba.

Asabar, da la'asar

Na ci gaba ni kaɗai. Na ɗaura sabon akwatin wuta ina bin hotunan wayata, na sa batirin, na cusa ram, na danna. Fanka ta juya! Sai kuma wani kuka, tiit, tiit, tiit, monita baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Tiit, tiit, tiit. Na yi ta yi har Umma ta ce kanta zai rabe.

Allah ya sani da farko ba da gangan nake yi ba. Daga baya kam da gangan ne.

Sakata ta motsa. Ya fito gaba ɗaya, ya tsuguna a kan tabarmar, ya sa babban yatsan hannunsa mai lafiya ya danna ram ɗin har ya ce ƙas.

"Bai zauna ba ne. Tsoronsa kike ji."

"Ranar nan ka ce kada in sa ƙarfi."

"Wurin cirewa na ce."

Bai koma ciki ba. Ya sa na ɗaga fankar tsakiya, muka kankare wani busasshen abu kamar tsohon siminti, na shafa sabon mai ruwan toka da ya ce yana cikin jakar aikinsa. Jakar tana sito tun ranar da aka kawo ta tare da sauran kayan da aka tsinto. Gefenta ɗaya ya yage. Na ɗauko man kawai, na rufe ta da sauri.

"Kamar ƙwayar shinkafa za ki ɗiga, Yaya. Ba burodi kike shafa wa bota ba."

Umma tana leƙe daga labule, bakinta yana motsi.

Litinin, da yamma

Injiniya ya samo katin hoto. Na sa shi da kaina, ya ce ƙas tun a karon farko. Muka danna. Tit ɗaya kawai ta yi, gajere. Auta ya ce wannan shi ne lafiya lau. Fararen rubutu suka fara gudu a kan baƙi, rumbun ajiyar yana ƙurƙur kamar ɓera a kwali, sai ga fuskar nan shuɗiya da na sani, da 'yan hotunan a jere yadda Baba ya bar su.

Muka buɗe gem ɗin masu tsalle. Babu sauti, katin sautin ya mutu, amma ga su nan, nawa ja nasa kore. Ya ɗora hannu ɗaya a ɓangarensa. Ban yi nisa ba na faɗa rami. Ɗan mutuminsa ya tsaya a bakin ramin yana jira.

Wani abu ya fito daga hancinsa. Ba zan kira shi dariya ba, amma ɗan'uwanta ne.

Ya cinye abincinsa. Na kira Baban yara na gaya masa, ya ce alhamdu lillahi har sau nawa, ya ce in yi haƙuri da maganar ranar nan.

Gobe zan nemo katin sauti da sifika. Kiɗan gem ɗin nan shi ne rabin daɗinsa.

Laraba, da yamma

Garin neman gira na rasa ido.

Alhamis, da safe

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina.

Na dawo da katin sauti da sifiku biyu. Auta yana wanka. Na ce bari in ɗaura kafin ya fito, ya ji kiɗan ba zato. Na ɗaura. Na kama maus, hannuna yana sauri, na danna hoton da ke kusa da namu.

Na manta da shi. Wallahi na manta akwai shi. Shi ne ma wanda Auta ya fi so muna yara, ni ce ba na so don kullum ya cinye ni. Gem ɗin tseren mota.

Sifikun a ƙure suke ban sani ba. Idan ba a taɓa komai ba gem ɗin da kansa yake nuna tsere. Inji ya yi ruri ya cika gidan. Sai kukan birki, dogo. Sai ƙarar ƙarfe da gilashi.

Na rasa inda ake kashewa. Na fizge wayar daga bango.

Yana tsaye a ƙarshen baranda da tawul a wuya, filastar cikin leda, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya wuce ta gabana a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya shiga, ya sa sakata.

Juma'a

Bai ci ba.

Asabar

Bai ci ba. Na yi magana ta ƙofa har muryata ta dushe. Na ce ya zage ni ma.

Lahadi, da hantsi

Umma ba ta taɓa ɗaga min murya ba tun da na yi aure. Yau ta yi.

"Fitar min da abin nan daga gida. Ɗa ɗaya gare ni namiji, kin ga ya fara tashi kin sake kayar da shi. Ke da wayonki."

Daga baya ta zo ta zauna kusa da ni ta ce ba haka take nufi ba. Haka take nufi, kuma tana da gaskiya.

Na zare wayoyin duka, na naɗe su, na mayar da murfin, na lulluɓe ta da zanen gadon. Na bar ta a baranda, gobe in na taso aiki in kai wa Injiniya kyauta.

Litinin, da magariba

Na dawo da mai tasi yana jira a waje. Na tarar da Umma a tsakar gida, ta ɗora yatsa a kan leɓe. Na sallami mai tasin.

Auta ya jona komai da hannu ɗaya. Yana zaune a tabarma, bayansa gare ni. Ya rage sautin can ƙasa, injin yana gurnani kamar mage. Gem ɗin motar ne.

Na zauna a bayansa. Aka ba da alamar tashi, sauran motocin suka yi fiit suka ɓace. Tasa ta bi gefen hanya tana rarrafe. Ya danna ya saki, ya danna ya saki. Kafin kowace kwana sai ya kusa tsayawa cak. Motocin suka zagayo suka sake wuce shi. Bai taɓa komai ba, ko ciyawar gefe. Amma akwai agogo a saman fuskar, kuma kafin ya kai rabin hanya agogon ya ƙare, motar ta tsaya da kanta. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa. A wannan gem ɗin tana hanawa.

Ya sake farawa. Haka dai. Ya sake. Umma ta ce tun azahar yake yi.

Can, bai juyo ba, ya ce, "Yaya."

"Na'am."

"Ba gudu nake yi ba."

Na ce, "Na gani."

"Ba wannan ba." Ya ɗauke hannunsa daga kibod. "Wallahi ba gudu nake yi ba. Amarya ma tana min tsiya wai tuƙin tsofaffi nake yi. Ita kuma yarinyar tana baya tana waƙa. Takalminta ya faɗi, ta ce, Abba ɗauko min. Na ce sai mun tsaya. Ban juya ba." Sai ya waiwayo ya dube ni. "Ko na juya? Yaya, kullum sai na koma wurin, na kasa gani. Na juya?"

Na so in ce a'a. Kalmar tana bakina. Amma ba na wurin, kuma ya san ba na wurin.

Na ce, "Ban sani ba, Auta."

Sai ya kifa kansa a cinyata, wannan ƙaton mutum, ya yi irin kukan da ban ji ya yi ba tun yana ɗan firamare. Umma ta zo ta zauna ta riƙe ƙafarsa. Muka zauna haka, motar tana tsaye a gefen hanya a cikin monita, har ni na miƙa hannu na kashe.

Talata, da safe

Ya sha shayi. Ya ce, "Gidan su Amarya da nisa a ƙafa?"

Na ce da nisa.

Ya ce, "Za ki raka ni?"

Laraba, da yamma

Na ɗauki hutun yini. Muka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ni da laima da gorar ruwa, shi da hannu rataye a wuya. Duk motar da ta wuce sai kafaɗarsa ta ɗaga. Muka bi lunguna inda za mu iya, muka tsallaka babban titi ta gadar sama. Ya huta a gaban wani shagon ɗinki, ya huta a ƙarƙashin wata bishiya. Ƙafafunsa sun manta tafiya.

Baban Amarya yana ban ruwan shukokinsa. Ya ga mu, ya saki tiyon a ƙasa yana zuba. Auta ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Tsohon ya zo ya kama hannunsa mai lafiya ya ɗaga shi ya ce, "Tashi, ɗana. Ka daɗe." Suka shiga falo suka rufe.

Na zauna a kan benci a waje. Na kashe famfon. Ban ji abin da suka ce ba, sai muryar Auta tana hawa tana karyewa, ta tsohon tana ƙasa-ƙasa, daga baya kuma babu ta kowa.

Maman Amarya ba ta fito ba. Na je ƙofar ɗakinta na yi sallama, na san tana ciki don na ga takalmanta. Ba ta amsa ba. Ban ga laifinta ba. Na ajiye gaisuwata a bakin ƙofa na dawo benci.

Da za mu tafi tsohon ya ce gobe zai zo su je asibiti tare. Auta ya ce da ƙafa fa. Tsohon ya ce, "To me ƙafa take yi?"

A hanyar dawowa rana ta take, leɓensa ya bushe, ya zauna a kan wani dakali yana haki. Wani mai tasi ya rage gudu ya yi mana hon. Na dubi Auta. Ya girgiza kai. Na ɗaga wa mai tasin hannu ya wuce.

Da ya huta ya miƙe. Inda za mu bi babu lungu, sai bakin titi, motoci suna ta wucewa. Na shiga ta ɓangarensu don in kare shi. Sai na ji ya kama gefen mayafina ya jawo ni, ya mayar da ni jikin katanga, shi ya koma ta wajen motocin. Bai sake ni ba har muka iso gida.